Wahaya da kotun ECOWAS: amsa ga ɗan ƙanena

Ɗana, ka tambaye ni ko wahaya al'ada ce da kotun ƙasa da ƙasa ba ta da hurumin taɓawa, kuma ko hukuncinta yana aiki ko a takarda yake tsayawa.

Wahaya ita ce yarinyar da mai mata huɗu yake saya ya ajiye a matsayin ta biyar. Babu waliyyi, babu shaidu, babu sadaki, sai kuɗin ciniki. Daka da ɗiban ruwa da kiwo nata ne, gado kuwa ba ta da shi. Masu yi suna fakewa da hukuncin ƙwarƙwara, amma a ganina bauta ce aka lulluɓe da mayafin addini. An fi saninta a yankin Tahoua na Nijar, wajen Birnin Ƙonni da Madawa.

A can aka sayar da Hadijatou Mani a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240 ta sefa, wato sefa dubu 240. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, sannan ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, aka yanke mata ɗaurin wata shida, wai ta yi aure kan aure, alhali tun 2003 dokar Nijar ta haramta bauta.

Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta taimaka mata ta kai ƙara kotun ECOWAS mai mazauni a Abuja. Tun 2005 mutum yana iya zuwa can kai tsaye, ba sai ya ƙure kotunan ƙasarsa ba. Amma ka lura, gwamnati ake ƙara, ba ubangida ba. Abin da za ka tabbatar shi ne hukuma ta sani ta kau da kai. Alƙalai suka zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008 suka ce Nijar ta gaza kare ta, ta biya miliyan 10 na sefa. Ta kuwa biya.

Raunin kotun shi ne ba ta da ɗan sanda ko gidan kaso, kuma ba ta soke hukuncin alƙalin gida. Gwamnatin da aka kayar ita ake jira ta zartar da hukunci a kanta. Dubi Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro da gwamnati ta tsare: a 2016 kotun ta ce a sake shi, bai fito ba sai Disamba 2019.

Yanzu kuma Nijar ta fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairu 2025, don haka mai ƙarar gwamnatinta sai ya nemi wata kotun. Akwai kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya, sai dai ita sai ka gama da kotunan gida, kuma sai ƙasarka ta sa hannu cewa ɗanta na iya ƙararta kai tsaye. Nijar ta sa a 2021, Najeriya ba ta sa ba.

Ka gaida mahaifiyarka.