Hexbeam ko Moxon: wacce ta dace da ƙaramin fili?

Malam, ka ce faɗin filin gidanka bai wuce mita 8 ba, kuma kana neman eriyar rediyo mai harba sigina gefe ɗaya a zangon mita 20 zuwa 10 (wato rukunonin igiyoyin rediyo da ake kira da tsawon igiyarsu). To, cire cikakkiyar Yagi (eriya mai hannayen ƙarfe a jere kan sanda ɗaya) daga lissafi, domin a zangon mita 20 kowane hannunta ya kai kusan mita 10.

Ni dai Hexbeam zan ba ka shawara. Kamar lema ce da iska ta juye, sanduna shida na faiba da wayoyi a ɗaure. Daga tsakiya zuwa baki mita 3 da 'yan kai ne, kebul ɗaya kuma ya isar wa zango biyar ko shida. Ba ta da nauyi, iska ma ba ta cika tura ta gefe guda ba, shi ya sa ƙaramin injin juyawa ke iya ɗaukarta. Lokacin da na haɗa tawa, awon wayoyi ne ya cinye min yini. Santimita kaɗan na kuskure sai SWR, wato ma'aunin rashin daidaito tsakanin eriya da kebul, ya tashi.

Moxon, eriya mai siffar kusurwa huɗu, ta fi arha, ta kuma fi toshe hayaniyar da ke zuwa ta baya, tana karɓar kebul mai om 50 (ma'aunin turjiyar lantarki) kai tsaye. Sai dai zango ɗaya take yi, kuma ta zangon mita 20 faɗinta ya haura mita 7, da ƙyar za ta juya a filinka.

Ƙananan Yagi masu naɗin waya kuwa ɗan sashe kawai na zango suke aiki sosai a kai, musamman a zangon mita 20.

Kowacce ka ɗauka, ɗaga ta sama kusan mita 10, nesa da rufin kwano.