Hukuncin Cin Abinci a Babban Gidan Abincin Japanawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina harkar shigo da motoci daga Japan. Abokan cinikina sun ce idan na je Tokyo za su yi min liyafa a wani gidan abinci na alfarma a unguwar Ginza, kuma na ji yawancin abin da ake ci a can ɗanyen kifi ne. Ya halatta in amsa gayyatar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, amsa gayyatar wanda ba Musulmi ba da cin abincinsa halal ne a asali. Ɗanyen kifin da ya tayar maka da hankali ma shi ne mafi sauƙin hukunci. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta mana farautar teku da abincinsa. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya ce game da teku: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Kifi ba ya buƙatar yanka, ba a kuma sharɗanta dafa shi ba. A mazhabar Malikiyya jatan lande, ƙaguwa da sauran halittun ruwa duk ana ci. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. Khal ɗin, wato ruwan tsami (vinegar), da ake tsamama shinkafar sushi (dunƙulen shinkafa mai ɗanyen kifi a kai) da shi ma halal ne, Annabi da kansa ya yabi khal a hadisin Muslim.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ido ba ya gani. Girkin Japan ya dogara ƙwarai da sake, giyar shinkafa mai barasa kusan kashi 15 cikin 100, da mirin, wata giya mai zaƙi da ta kai kusan kashi 14. Su ne ke sa miyar teriyaki ƙyalli, suna cikin miyar da ake shafa wa gasasshen kifin unagi, ana kuma zuba mirin a wainar ƙwansu. A manyan wurare kukun yana tsaye a gabanka, ya dunƙula shinkafa a tafin hannu, ya ɗora yankan kifi, ya ɗauki ɗan buroshi ya shafa masa wani baƙin ruwa sannan ya miƙo maka. Wannan ruwan, nikiri, galibi da sake da mirin ake haɗa shi. Za su ce maka barasar ta ƙone a wuta. Wannan bai wadatar ba. Wuta ba ta kwashe ta gaba ɗaya, sannan a wurin jumhurun malamai giya najasa ce, tafasawa ba ta tsarkake abin da aka zuba ta a ciki da gangan. Hadisin Abu Dawud da Tirmizi a fili yake: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa haramun ne.

Shoyu, ruwan ɗanɗanon waken suya, hukuncinsa daban ne a abin da na rinjayar. 'Yar barasar da ke cikinsa tana samuwa ne yayin jiƙo, ba don sha aka yi shi ba, gishirinsa ma ba zai bar mutum ya sha har ya bugu ba. Ana ci, in an samu mai shaidar halal ya fi kwanciyar rai.

Batun nama babu sassauci. Mafi yawan Japanawa mabiya Shinto ne da Buddha, ba Ahlul Kitabi ba ne, don haka rangwamen aya ta 5 a Ma'ida, wadda ta halatta abincin Ahlul Kitabi, bai shafi yankansu ba. Naman wagyu, wato naman shanun Japan, komai tsadarsa, da kaza, ba za ka ci ba sai da tabbacin yankan Musulunci, kuma akwai wuraren da ke da wannan shaidar a Tokyo. Ka kula da sunaye biyu: tonkatsu soyayyen naman alade ne, tonkotsu kuwa romon ƙashin alade ne da ake zuba wa taliyar ramen.

Abin da nake ba ka shawara, ka yi magana tun kafin ranar. Irin waɗannan wurare sukan bi tsarin omakase, wato kuku ne ke zaɓa maka abin da za ka ci, ya kuma shirya tun da wuri. Ka gaya wa masu masaukinka: ba alade, ba naman da ba halal ba, ba sake, ba mirin, sai dai kifi da gishiri ko tsantsar shoyu. Sun saba kiyaye buƙatar baƙo in an faɗa da wuri. In an dafa alade a wurin, ka nemi a wanke wuƙa da kwano, kamar yadda aka umarci Abu Sa'alaba al-Khushani a Bukhari da Muslim.

Saura teburin. An ruwaito daga Jabir, a wurin Tirmizi, hani ga mai imani ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Masu sha a wasu tebura ba su shafe ka ba. Naka teburin kuwa, ka roƙi a yi zaman da koren shayi, ko a mayar da shi cin abincin rana. In suka ƙi, ka ba da uzuri cikin mutunci ku haɗu a ofis. In kuma an fito da giyar bagatatan bayan ka zauna, kada ka zuba wa kowa, ko da yake al'adarsu ce a cika wa na kusa kofi, ka ƙi abin a zuciya, ka tashi da zarar ka samu hali.

Wallahu a'alam.