Tambayoyinku: Gadar da ke tsakanin rumbun ofis da gajimare

Wasiƙu huɗu na zaɓo wannan makon, dukkansu kuma a kan abu guda suke: 'yar manhajar nan ta Microsoft mai suna On-premises data gateway, da ake girkawa a ofis domin ta riƙa kai bayanan rumbun cikin gida zuwa gajimare, wato kwamfutocin Microsoft da ake isa gare su ta intanet. Ni gada nake kiranta, kuma haka zan ci gaba da kiranta a nan. Na taƙaita wasiƙun, masu su su yi mini afuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kaya. Lissafinmu duka yana cikin rumbun bayanai na SQL Server a uwar garken ofis, shugabanni kuma suna so su riƙa ganin rahoto a Power BI, manhajar rahoto ta Microsoft, ta wayoyinsu. An ce in girka On-premises data gateway, amma mai kula da tsaronmu ya rantse ba zai buɗe wa intanet ƙofar rumbun ba. Dole sai an buɗe? Kuma zan iya girka ta a laftof ɗina?

AMSA: Wa alaikumus salam. Abokin aikinka yana da gaskiya, ka bar shi a kan rantsuwarsa. Wanda ya buɗe kafar sadarwa (port) mai lamba 1433, wadda SQL Server ke saurare a kanta, ya bar ta tana kallon intanet, kafin gari ya waye masu gwada kalmomin sirri sun yi masa layi. An ƙirƙiro gadar ne ma don kada a yi hakan.

Gadar ba ta jiran kowa ya shigo daga waje. Ita ce ke fita daga cikin ofis, ta je ta riƙe layi da wani mashigi na Microsoft mai suna Azure Relay, ta zauna tana sauraro. In Power BI yana son bayani sai ya ajiye buƙatarsa a can, gadar ta ɗauko, ta tambayi rumbunku a cikin gida, ta matse amsar ta aika. Saboda haka abin da za ka roƙi mai tsaro shi ne izinin fita kawai: kafa ta 443, da 5671 da 5672, da 9350 zuwa 9354. Tun fitowar watan Yunin 2019, sabuwar girkawa kan bi ta HTTPS ne kai tsaye, wato yawancin zirga-zirgar ta 443 take. A cikin manhajar akwai wurin gwajin kafofin sadarwa. Ka danna shi a gabansa, ya ga da idonsa wace hanya ce a toshe, ya fi ku tsaya kuna musu.

Batun laftof kuwa, a'a. Za ta girku, za ta yi aiki, har ka yi murna. Ranar da ka rufe murfinsa ka sa a jaka, rahoton shugabanni ya tsaya a inda ka bar shi. Gada ma'aikaciya ce mai kwana a bakin aiki, don haka ka ba ta na'urar da ba a kashewa, mai Windows na 64-bit da .NET Framework 4.8, wadda ke jone da waya ba Wi-Fi ba, kuma kusa da rumbun a kan hanyar sadarwa. Microsoft na ba da shawarar ƙwaƙwalwa 8 GB ko fiye da haka. Ka bar mata sarari a faifai, domin takan jibge bayanai na ɗan lokaci a can kafin ta tura su. Ba za ta yarda ta zauna a uwar garken da ke riƙe da asusun ma'aikatanku na Active Directory ba, kada ka ɓata yammacinka kana gwadawa.

Za a nuna maka iri biyu, na mutum ɗaya da na kowa da kowa. Ɗauki na biyun. Na farkon Power BI kaɗai ya sani, ba a raba shi da abokan aiki, kuma ba ya yin DirectQuery, wato tambayar rumbu kai tsaye lokacin da ake duba rahoto.

Girkawar kanta ba ta fi minti goma sha biyar ba. A cikin mintunan nan akwai allo guda da zai ce ka ba gadar suna, ka kuma ƙirƙiri mabuɗin ceto (recovery key), wata kalmar sirri da ake maido da gadar da ita. A nan nake so ka cire hannunka daga linzami, ka karanta wasiƙa ta gaba tukuna.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni akanta ce, ba masaniyar kwamfuta ba. Wanda ya haɗa mana wannan gada ya bar aiki tun bara. Makon jiya na'urar da take ciki ta mutu ɗungurungum. Mun sayi sabuwa, mun girka manhajar, sai ta ce mu kawo mabuɗin ceto. Babu wanda ya san shi. Ta yaya za mu sa Microsoft su turo mana?

AMSA: Hajiya, sai haƙuri, ba za su turo ba, domin ba ya hannunsu. Ba rowa ba ce, haka aka gina abin da gangan. Kalmomin sirrin rumbunanku da kuka shigar a shafin Power BI, a kulle ake ajiye su a gajimare, kuma gadar da ke ofishinku ce kaɗai ke iya buɗe su. Makullin da take buɗewa da shi daga wancan mabuɗin ceto aka samo shi. Da kamfanin yana riƙe da kwafinsa, da yana iya karanta sirrinku ke nan.

Kafin ki fid da rai, ki kira tsohon ma'aikacin naku da lalama. Sau da yawa yana nan a rubuce a wata manhajar adana kalmomin sirri, ko a bayan wani littafin aiki da ya bari a aljihun tebur. In an dace, wajen girkawa sai ku zaɓi maido da tsohuwar gada maimakon yin rajistar sabuwa, ku sa mabuɗin, komai ya dawo yadda yake, har da jerin rumbunan da izinin masu amfani da su.

In ba a dace ba, rahotanninku da bayananku suna nan, babu abin da ya taɓa su. Abin da ya tafi shi ne haɗin. Za ku yi rajistar sabuwar gada da sabon suna, ku sake shigar da kowane rumbu ɗaya bayan ɗaya da sunan asusunsa da kalmar sirrinsa, sannan ku bi kowane rahoto ku nuna masa sabuwar hanya. In rumbunan uku ne, aikin safiya ɗaya ne. In arba'in ne, Allah ya ba da haƙuri.

Wannan karon ke za ki riƙe mabuɗin, ba mai gyara ba. Ki sa a rubuta shi a inda kamfani ke ajiye muhimman takardunsa, mutum biyu aƙalla su san wurin. Kuma ki tabbata masu ikon gudanar da gadar a shafin Power BI sun fi mutum ɗaya.

TAMBAYA: Malam, gadarmu ta kai shekara ɗaya da rabi ba a taɓa ta ba, kuma tana aiki lafiya lau. Kullum ina ganin sanarwar cewa akwai sabuwa. Ni dai tsorona gyaran gangar Auzinawa. Ba gara in ƙyale ta ba?

AMSA: Ɗan'uwa, na gane hujjarka: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Matsalar ita ce dandalin da kake tsaye a kai shi ne ke tafiya. Gadar tana da bakin kogi biyu, kuma na can gefen, wato gajimare, yana canzawa ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Microsoft na fitar da sabuwar gada kowane wata, kuma shida na ƙarshe kaɗai suke tallafawa. Taka ta faɗo daga jerin tun shekara guda da ta wuce. Ranar da ta lalace ka nemi taimako, amsar farko da za ka samu ita ce ka sabunta tukuna, kuma za ka yi hakan ne a gigice, shugabanni na tsaye a kanka.

Akwai dalili na biyu da mutane ba su cika sani ba. A cikin gadar akwai injin Power Query mai ɗebo bayanai yana tsara su, irin wanda ke cikin Power BI Desktop, manhajar da ake haɗa rahoto da ita a kwamfuta. Masu haɗa rahotanninku suna aiki da sabon inji a teburinsu, gadar kuma tana da tsoho. Wata rana ɗayansu zai yi amfani da wata dabara da sabon injin ya sani, ta yi aiki a gabansa, ya wallafa, gadar ta ce ba ta taɓa jin wannan yare ba.

Amma tsoronka ba na banza ba ne, kuma ni jiki magayi. Wata shekara, a wani wuri da na yi aiki, na ce tunda zan sabunta gada bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, in mayar da ita kan sabuwar na'ura gaba ɗaya. Yammacin ranar 30 ga wata ne. Mabuɗin ceto yana hannuna, na maido da komai cikin minti ashirin, alamar kore ta kama, na gwada rahoto guda na SQL Server ya wuce sumul, na kashe fitila na tafi gida ina yaba wa kaina. Ƙarfe bakwai na safe waya ta fara ruri. Rahoton albashi, wanda ke ɗebo bayanai daga rumbun Oracle, bai motsa ba. Na shafe fiye da awa biyu ina zargin sabuwar manhajar, ina shirin cire ta, kafin na buɗe kundin da gadar ke rubuta abin da ya same ta, na ga layi ɗaya yana maimaita kansa: ba ta ga direban Oracle ba, wato 'yar manhajar da take magana da rumbun ta hanyarta. Tsohuwar na'urar tana da shi, wani ne ya girka shekaru da suka wuce bai rubuta a ko'ina ba. Mabuɗin ceto yana dawo da saituna, ba ya dawo da direbobi. Laifina ne ta fuska uku: na haɗa canji biyu a dare ɗaya, na zaɓi ƙarshen wata, na kuma gwada rumbu ɗaya na ɗauka ya wakilci sauran.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin in taɓa komai sai na ga mabuɗin ceto da idona, na rubuta lambar fitowar da ke aiki yanzu, na kuma tabbata fayil ɗin girka ta yana ajiye a wurina. Wannan na ƙarshen ya shafe ka sosai, domin komawa baya na nufin cire sabuwa, girka tsohuwa, sannan maidowa da mabuɗi, kuma tsohuwa mai shekara ɗaya da rabi ba lallai ka same ta a shafin saukarwa ba. In na'urar ta kwaikwayo ce da ke gudana cikin VMware ko Hyper-V, ɗauki kwafin halin da take ciki gaba ɗaya (snapshot) kafin ka fara. Sai in jera rumbunan da direbobinsu: Oracle da nasa, MySQL da Connector/NET, da duk wani haɗin rumbu na ODBC da aka saita da hannu. In an taɓa gyara fayilolin saitin gadar, misali don ta bi ta furoksi, uwar garken da ake ratsawa kafin a fita intanet, nakan kwafe su gefe. Bayan sabuntawa kuma, rahoto ɗaya daga kowane irin rumbu nake sa ya ɗebo sababbin bayanai da hannu, ina zaune har ya gama.

Abin da zai cire maka tsoron gaba ɗaya shi ne na'ura ta biyu. Ana iya haɗa gadoji su zama gungu guda, har guda 10, duk da mabuɗin ceto ɗaya. Da biyu ma ka wadatu. Ka dakatar da ta farko a shafin gudanarwa, ka ba ta kamar minti 30 ta ƙarasa aikin da ke hannunta, ka sabunta ta, ka dawo da ita, ka gwada. In ta yi kyau ka bi ta biyun. In ta ƙi, ɗayar tana ɗauke da kaya, babu wanda zai san an yi wani abu. Kada dai ka bar su kwanaki ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa, domin rahoto guda zai riƙa wucewa yau ya faɗi gobe, gwargwadon wadda aikin ya faɗa hannunta, kuma babu ciwon kan da ya kai neman irin wannan matsala.

Ba na cewa ka riƙa bin kowace fitowa ranar da ta sauka. Ni nakan bar ta ta yi mako biyu a hannun masu gaggawa, kuma ba na wuce wata uku ban sabunta ba.

TAMBAYA: Malam, rahotona yana aiki a kwamfutata, gadar ma tana nuna kore, amma in na wallafa sai a ce ba a ga rumbun ba. Yanzu ma sabuntawar bayanan rahoton ta kullum ta daina gaba ɗaya.

AMSA: Ƙanina, duba suna. In a Power BI Desktop ka kira uwar garken da lambar IP, a gadar kuma aka yi mata rajista da sunanta, to a wurin manhajar wurare biyu ne daban, ko da na'ura ɗaya ce. Sunan uwar garke da sunan rumbu dole su zo iri ɗaya a ɓangarorin biyu. In kuma fayil ɗin Excel ne a faifan wata na'ura da kake gani a kwamfutarka da harafin Z, gadar ba ta san Z ba. Ba da asusunka take aiki ba, tana da nata, NT SERVICE\PBIEgwService, kuma harafin nan a asusunka kaɗai yake. Ka rubuta cikakken adireshin, wanda ke farawa da karkatattun layuka biyu da sunan na'urar.

Daina sabuntawar kuwa ba sabuwar cuta ba ce. Power BI yakan kashe jadawalin da kansa in ya faɗi sau huɗu a jere. Bayan ka gyara sunan, koma saitin bayanan ka kunna shi da hannunka, in ba haka ba gobe da safe alƙaluman makon jiya za ka sake tararwa.