Shaida, hujja da hukunci: yaya ake rarrabe su?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a unguwar Zango, nan Damagaram. Baffana yana rikicin gona da maƙwabcinsa, kuma a zaman da aka yi gaban mai gari na ji ana ta ambaton shaida, hujja, dalili da rantsuwa. Shin duk abu ɗaya ne? Yaya zan koye su har in daina rikicewa?

Amsa: Ɗana, kowace da aikinta, kuma hanya mafi sauƙi ta riƙe su ita ce ka bi su bisa yadda shari'a take tafiya.

Farkon magana da'awa ce, wato abin da mai ƙara ya ce nasa ne ko ya ce an yi masa. Idan baffanka ya ce gonar ta gado ce, ya yi da'awa ke nan. Idan ya ƙara da cewa mahaifinsa ne ya sare dajin, ya kawo dalili, wanda yake sa maganarsa ta shiga hankali. Amma dalili bai zama hujja ba sai ya zo da abin da abokin shari'arsa ba zai iya turewa ba. Hujja ita ce duk abin da alƙali zai iya dogara da shi: bakin mutane, takarda, ko iƙirari, wato wanda ake ƙara ya amsa da bakinsa cewa haka ne.

Shaida kuwa ɓangare ce ta hujja, kuma a nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Kalmar tana nufin mutumin da ya gani da kuma maganar da ya faɗa. Tsohon da ya ce yana tsaye lokacin da aka dasa gamba a kan iyakar gonakin biyu shaida ne na gani da ido, kuma maganarsa ta fi nauyin ta wanda ya ce an gaya masa. A fiƙihun Malikiyya, wanda malaman ƙasarmu suke bi, ba a karɓar shaida sai daga adali, kuma wanda zai ci riba da sakamakon shari'ar ba ya shaida a cikinta. Aya ta 282 ta suratul Baƙara ta yi umarni da a rubuta bashi, a kafa shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu. Wanda ya tsaya ya faɗi ƙarya da gangan ya yi shaidar zur, tana kuwa cikin manyan zunubai.

Rantsuwa tana zuwa ne idan hujja ta gaza. Ƙa'idar sananniya ce: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Shi ya sa a rikicin gonaki, idan shaidu sun mutu kuma babu takarda, ake kaiwa ga dafa Alƙur'ani. A ganina bai kamata a gaggauta kai mutum can ba, domin zumunci da wuya ya koma daidai bayan an rantse. A ƙarƙashin dokar tsarin karkara ta 1993 akwai hukumomin filaye a matakin gari, kwamin da gunduma, waɗanda suke ba da takardar sayen gona, aro, jingina ko kyauta, kuma takarda irin wannan tana rage wa iyali wahala mai yawa.

Sai hukunci. Mutane suna amfani da kalmar kamar ma'anarta horo kawai, alhali hukunci shi ne yankewar alƙali, ko da wanke mutum ya yi. Ka lura da cewa abin da ake yi gaban mai gari, ko hakimi, ko fadar Sarkin Damagaram a Birni, a idon dokar Nijar sulhu ne. Idan an daidaita, a rubuta takardar sulhu. Idan ba a daidaita ba, magana ta wuce gidan shari'a, inda a sha'anin gona da gado alƙali yake zama tare da masana al'ada. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da damar ɗaukaka ƙara.

A sha'anin laifi kuma, ka kiyaye harshenka wajen kalmomi uku: wanda ake zargi, wanda ake tuhuma a gaban alƙali, da mai laifi, wanda ba a kiransa haka sai hukunci ya tabbata a kansa.

Zama na gaba, ka tafi da littafin rubutu. Duk maganar da aka faɗa, ka rubuta a gefenta ko da'awa ce, ko dalili, ko shaida, sannan ka tambayi baffanka su wane ne suka rage da rai cikin waɗanda suka san iyakar gonar.