Hukuncin Gina Tsuntsu da Yumɓu

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, gidanmu gidan magina tukwane ne a wani ƙauye kusa da Wudil. Na fara koyon gina tantabara da gauraka da yumɓu, ina gasa su tare da randuna, masu son ado suna saye. Ya halatta? Na ji an ce Annabi Isa ma ya gina tsuntsu.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa hannunka albarka. Tsuntsun da ka siffanta bai halatta ba. Malamanmu na Malikiyya sun ce sura tana haramta idan ta abu mai rai ce, tana da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Tantabararka ta haɗa duka ukun, ga shi kuma ka gasa ta don ta daɗe. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa za a ce wa masu yin sura ranar alƙiyama su raya abin da suka ƙera.

Batun Annabi Isa (AS) gaskiya ne, yana cikin Ali Imrana aya ta 49 da Ma'ida aya ta 110. Amma karanta ayar har ƙarshe: ya hura masa, ya zama tsuntsu da izinin Allah. Mu'ujiza ce ta Annabi, ba a yin ƙiyasin sana'a a kanta.

Kada ka rikita wannan da shanun laka da yara ke ginawa a bakin kududdufi da damina, su shanya a rana, gobe ƙaho ya karye. Nana A'isha (RA) ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW) bai hana ta ba, shi ya sa malamai da dama suka sassauta a kayan wasan yara. Naka kuwa na ajiyewa a ɗaki ne.

Ba na son ka bar yumɓu, ko kaɗan. Wani mai sana'ar sura ya je wa Ibn Abbas da irin damuwarka, Ibn Abbas ya faɗa masa hukuncin, da ya ga fuskar mutumin ta canza sai ya ce masa ya yi bishiya da duk abin da ba shi da rai. Hannun da ya iya fitar da fiffike zai iya kaskon turare mai zane, da asusu, da tulu mai zanen ganye a wuya. Waɗanda ka riga ka gasa, cire musu kai ya wadatar, kamar yadda Mala'ika Jibrilu ya umarta a yi da wani mutum-mutumi, a ruwayar Abu Dawud da Tirmizi. Kuɗin da ka ci kafin ka sani, ka nemi gafara, kada ka sake.

Wallahu a'alam.