Mudu, Kofi da Sikeli: Tambayoyi Kan Awon Gyaɗa

Tambaya: Malam, na ga an rubuta "garin gyaɗa kofi ɗaya" a wani girki. Giram nawa ke nan?

Amsa: Malama, laifin yana wurin wanda ya rubuta, domin "garin gyaɗa" suna ne da masu sakaci suke laƙaba wa abubuwa uku. Akwai gyaɗar da aka daka sama-sama ta zama ɓarzajjiya, akwai wadda aka markaɗa har ta yi laushi da maiƙo, irin ta kunu da miya, akwai kuma garin ƙuli-ƙuli, wanda an riga an matse masa mai. Kofin da littattafan girki na Amurka suke nufi yana cin mililita 240. Ɓararriyar gyaɗa cikinsa takan kai wajen giram 145. Markaɗaɗɗiya takan kai wajen giram 255, tunda ba ta bar wa iska gurbi ba. Babban cokali ɗaya nata giram 16 ne. Garin da aka cire wa mai shi ne mafi sauƙin nauyi, kuma in an danna shi da hannu sai kofin ya ci fiye da yadda aka nufa. Shi ya sa miyar wata takan yi kauri mai ya taso sama, ta wata ta tsinke, alhali kowacce ta rantse kofi ɗaya ta zuba.

Mafita ita ce ki auna a sikeli bayan kin soya, kin murje, kin bakace, kafin niƙa. Suya tana rage danshi, bakace yana fitar da jan ɓawo, amma niƙa ba ta ƙara nauyi ba ta rage shi, sai ɗan abin da ya maƙale a turmi ko inji. Gwangwanin madara kuma bai kai kofi ba, kada ki musanya su.

A nan ne nake yawan faɗa da masu cewa "a ɗora a kilo". Kilo ba abin ɗorawa ba ne, adadin nauyi ne. Abin da ake ɗorawa a kai sikeli ne, ko ma'auni, ko mizani in ana son ta Larabci. Ban ga dalilin barin kalmomi uku masu kyau a kama wadda ba ta wurin ba.

Tambaya: Mudu kilo nawa ne?

Amsa: Mudun me, na wace kasuwa? Mudu, daga Larabci "mudd", faɗin ciki yake aunawa. Na Dawanau daban, na ƙauye daban, mudun Annabi da ake fitar da zakkar fid-da-kai da shi, huɗu su ba da sa'i ɗaya, shi ma daban. Ga batun tozo: wani ya shafe baki, wani ya tara har da tallafin hannu. Ka auna mudunka sau ɗaya a sikeli ka rubuta. In gyaɗar mai kwanso ce, ka sani wajen kashi 30 cikin 100 na nauyinta kwanso ne.

Tambaya: Me ake nufi da "ido ba mudu ba, ya san kima"?

Amsa: Gwani yakan kimanta abu da kallo ya kusa daidai. Kusa aka ce. Mai kwaɓa labun kilishi na sayarwa kada ya fake da wannan karin magana ya bar sikeli.

Tambaya: Tunkuza da ƙuli-ƙuli ɗaya ne?

Amsa: A'a. Tunkuza ce abin da ya rage bayan an matse mai. In an mulmula ta an soya, ta zama ƙuli-ƙuli.

Tambaya: Wata 'yar Sakkwato ta ce in sa gujiya a kunu. Gurjiya take nufi?

Amsa: Gyaɗa take nufi, haka ake kiranta a Sakkwato da wurare da dama a Nijar. Gurjiyar da Bakano ya sani ba ta da man da zai ba kunu garɗi.