Tambaya da Amsa: Kwamandan da ya ƙi saukar da jirginsa yana cin wuta

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Marigayi kakana ya yi leburanci a filin jirgin Forlami lokacin yaƙin Hitila, aikinsu mirgina gangunan mai. Yakan ba mu labarin wani babban sojan Amurka da jirginsa ya kama da wuta, ya ƙi sauka, ya ci gaba da jan mutanensa har ya mutu. Gaskiya ne? Ta garinmu ya bi? Kuma wannan jarumta ce ko ganganci da rayukan mutane? Daga ɗanka, mai karatu a Kusuri.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ya huta. Aikin da ya faɗa maka an yi shi. A watan Agusta na 1940 gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, wannan ne ya buɗe wa Ingila, daga baya kuma Amurka, hanyar jirage daga Takoradi zuwa Kano, Maiduguri, Forlami, Alfashir, Hartum har Masar. Forlami ita ce Njamena ta yau, a 1973 aka sauya sunan. Man da su kakanka suke mirginawa ya dami Jamus ƙwarai, har a Janairun 1942 suka turo jirgi guda ya ratso hamada daga Libiya ya jefa wa filin bama-bamai, ma'ajiyar mai ta ƙone.

Labarin da ya fi dacewa da abin da ka kawo shi ne na Laftanar Kanar Addison Baker. Shi kam bai bi ta nan ba. Daga Ingila rundunarsa ta taso zuwa Bangazi ta Libiya a tsakiyar 1943. Amma labarin matuƙan jirgi yana bin hanyar jirage ne, ba abin mamaki ba ne ya iso kunnen leburori a bakin kogin Shari.

An haifi Baker a Chikago a 1907, ya tashi a Akron ta jihar Ohayo. Ya shiga soja a 1929 a matsayin kurtu, ya zama matuƙi a 1931. Ya bar aikin dindindin na ɗan lokaci, aka sake kiransa a 1940. Ya yi ta kai hari Turai da jirgin B-24, mai injin huɗu da mutum goma a ciki, har a 1943 aka ba shi jagorancin runduna ta 93.

Abin da ya kawo su Libiya shi ne Fuloyeshti, garin matatun mai a Romaniya, wanda ke ba Jamus wajen kashi ɗaya cikin uku na man da take yaƙi da shi. Tun a Yunin 1942 wasu jirage 13 na Amurka suka taɓa kai masa hari daga Masar. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, sai dai ta farkar da Jamusawa. Janar Alfred Gerstenberg ya samu shekara guda cur yana shiri. Ya zagaye garin da bindigogin kakkaɓo jirage, wasu a ɓoye cikin tarin ciyawa, wasu a kan taragon jirgin ƙasa, ga manyan balan-balan da aka ɗaure da igiyoyin ƙarfe don su yanke fikafikan duk wanda ya zo ƙasa-ƙasa.

To ƙasa-ƙasan ne kuwa Amurkawa suka zaɓa. Kanar Jacob Smart ne ya tsara cewa su zo dab da kan itatuwa don kada na'urar hango jirage ta gan su. Sun yi makonni suna atisaye a hamadar Bangazi, inda aka zana musu siffar matatun a kan rairayi. Ranar Lahadi, 1 ga Agusta 1943, jirage 178 suka tashi, tafiyar sama da kilomita 3,000 zuwa da dawowa, babu jiragen rakiya, kuma an hana magana a rediyo.

Tun a hanya tsarin ya fara warwarewa. Gizagizai a kan duwatsun Albaniya sun raba rundunonin gida biyu. Sannan rundunar da ke gaba, ta Kanar Keith Compton, ta karya kwana kafin lokaci a garin Targobishte, ta miƙi layin dogo da ya nufi Bukarest, babban birnin Romaniya. Baker yana biye da su. Da ya gane an ɓata, kuma ya hango Fuloyeshti a gefen hagu, sai ya juya da rundunarsa ya tunkari garin ta kudu, wato ta inda bindigogi suka fi yawa.

Nan ne abin da kakanka ya ji ya faru. Saura kamar kilomita biyar su isa, harsashin babbar bindiga ya sami jirginsa, wuta ta tashi. A ƙarƙashinsu gonaki ne shimfiɗaɗɗu, wasu matuƙa a ranar sun sauka a irinsu da cikin jirgi sun tsira da ransu, an kama su fursuna. Baker ya zubar da bama-bamansa don jirgin ya rage nauyi, ya riƙe layi. Ka lura da wannan, ɗana: daga lokacin ba shi da abin da zai jefa wa kowa. Abin da ya rage masa kawai shi ne zama ɗan gaba, domin a tafiyar da ake yi fiffike na kusan taɓa fiffike, cikin hayaƙi, kowa jirgin shugaba yake kallo. Da ya kauce, da na bayansa sun watse a daidai bakin bindigogi. Ya kai su kan matatun, sannan ya yi ƙoƙarin ɗaga jirgin sama don mutanensa su samu tazarar da laimar sauka za ta buɗe. Jirgin ya faɗi. Babu wanda ya tsira cikin su goma. Shekarunsa 36.

A kujerar da ke kusa da shi akwai Manjo John Jerstad, ɗan shekara 25, wanda ya riga ya cika adadin hare-haren da aka ɗora masa, da kansa ya nemi a tafi da shi. Su biyun an ba su lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka bayan mutuwa. Mutum biyar suka samu lambar a wannan hari guda.

Ka tambaye ni jarumta ce ko ganganci. Ni dai ban ɗora wa Baker laifi ba. Rayuka tara suna hannunsa a cikin jirgi, ɗaruruwa suna biye da shi a baya, ga 'yan daƙiƙu kaɗan na yanke shawara. Amma abin da ke min ciwo shi ne sauran takwas ɗin, masu bindiga da mai rediyo da mai duba inji, waɗanda ba a shawarce su ba, ba su samu babbar lamba ba, kuma iyayensu sun yi kuka iri ɗaya da na kwamanda. Gangancin yana wajen waɗanda suka zauna a ofis suka ɗauka Jamusawa barci suke yi. Jirage fiye da 50 ba su dawo ba, mutum fiye da 300 sun mutu, sama da 100 sun shiga hannu, wasu suka sauka Turkiyya aka tsare su. Matatun kuwa, cikin makonni aka gyara yawancinsu, mai ya ci gaba da zuwa Jamus. Sojojin da kansu suka sa wa ranar suna Baƙar Lahadi.

Gawar Baker ta yi kusan shekara 80 cikin waɗanda ba a gane ba. Sai a 2022 binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da ƙasusuwansa, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Alinton a Amurka. Amurka ba ta ƙara kai wa Fuloyeshti irin wannan hari na ƙasa-ƙasa da manyan jiragen bama-bamai ba. A 1944 daga Italiya ta riƙa zuwa, tana jifa daga can sama, har sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga garin a ƙarshen Agusta na shekarar.